Guga Uku na Ruwan Sama

Ruwan da na cika wa Tove kwalabe shida da shi ba ruwan rijiya ba ne, ruwan sama ne. Abin da ya ɓaci ke nan. Sauran duk bayani ne, kuma bayanin har yau bai gama zauna mini a kai ba.

Sunana Verner. Haƙar rijiya ce sana'ata, ita ce ta mahaifina. Ina shekara goma sha huɗu na bar makaranta, ranar da tsoho ya ce injin haƙa ya fi ƙarfin hannu biyu. Tsibirinmu gida hamsin da uku ne, jirgin fito yana zuwa sau biyu a rana idan teku ta ga dama. Ruwan famfonmu na ƙungiya ne, kowane gida ƙuri'a ɗaya. Preben, wanda ya yi ritaya daga aikin gidan waya, shi ne shugaba. Ni ke riƙe da makullin ɗakin inji, don babu mai so.

Rijiyoyin ƙungiya biyu ne a tsakiyar tsibiri, ba su da zurfi, kuma takin gonaki ya ratsa ƙasa ya shige su. Hukuma ta rubuto ta ce kafin shekara biyu mu nemi wani ruwan. To akwai ta uku, can bakin gaɓa kusa da rumfar masunta. Mahaifina ya haƙa ta tun ina ƙarami, mita sittin da ɗaya, ya huda laka shuɗiya mai kauri ya faɗa kan tsakuwa. Ruwa ya taso da kansa har kusa da baki, amma ja-ja kamar shayi, ga warin ruɓaɓɓen ƙwai. Mutane suka yi ta yi masa dariya. Ya ɗora mata famfon hannu, ya bar wa masunta su riƙa wanke takalman roba. Har ya mutu ba ya son a ambaci rijiyar nan a gabansa.

Preben ya ce yanzu akwai matatar da ke cire launi da wari, a koma wa ta uku kawai. Hukuma ta ce ba za ta yarda ba sai an san daga ina ruwan yake zuwa. Shi ya sa aka turo mana Tove daga Kopenhagen a watan Oktoba, mace mai kamar shekara arba'in, da akwatuna huɗu da takalmin da bai taɓa taka kashin shanu ba.

Gidan yayata Bodil na kai ta, don a can ake samun gahawar kirki. Bodil ta girme ni da shekara bakwai. Mijinta ya rasu, ita ke riƙe da gonar kakanmu da jajayen shanu talatin da shida, ita kaɗai ta rage mai tatsar madara a tsibirin. Ba ta taɓa shiga famfon ƙungiya ba. Tana da rijiyarta a tsakar gida wadda kaka ya gina da duwatsu, da ita take sha, da ita shanu suke sha.

Tove ta kurɓi gahawa ta ce, "Abin da na zo nema shi ne shekarun ruwan."

Bodil ta ajiye wuƙar yanka burodi. "Shekarun ruwa? To wa ya yanke masa cibi?"

Tove ta yi dariya. Ta ce a cikin kowane ɗigo akwai wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, wasu sun ɗan fi wasu nauyi, su suna ce musu isotop. Ta ce ruwan da ya shiga ƙasa lokacin da ƙanƙara ta rufe ƙasar nan kaf, shekaru dubbai da suka wuce, ba shi da nauyi kamar ruwan saman yanzu. Ta ce kuma duk ruwan da ya sauka bayan gwajin manyan bama-bamai yana ɗauke da wani tambari da tsohon ruwa ba shi da shi.

Na ce, "Malama, shekara arba'in ina ɗaukar guga. Ban taɓa jin wani ya fi wani nauyi ba."

"Tove kawai za ka ce mini. Kuma ba a hannu ake jin sa ba."

"Abin da ba a ji a hannu, nauyi ne?"

"Kai dai ci burodinka," in ji Bodil. "Yarinya ta yi karatu, kai ka gudu daga aji."

Maganar ƙanƙara kam na yarda da ita, don tsoho ma ya sha faɗa. Ƙasarmu ba ta da tsari. Ka haƙa nan ka sami yashi, ka matsa taku biyar ka sami laka, ka ƙara matsawa ka ci karo da dutse kamar kwantacciyar saniya wanda ba na ƙasar nan ba ne. Wani abu ne mai ƙarfi ya turo su ya zubar yadda ya ga dama. Amma a ce ruwa yana tuna ranar da ya sauka, wannan bai shiga kaina ba.

Tove ta jawo tulun madara ta ajiye a tsakiyar tebur. Ta ce, "Idan ruwan sama yana ratsa lakar nan yana shiga tsakuwa, to rijiyar kamar saniya ce, ka tatsa yau gobe ta kawo. Idan kuwa tsohon ruwa ne da lakar ta rufe tun zamanin ƙanƙara, to kamar tulun nan ne. Abin da ka ɗiba ya tafi. Kuma teku tana nan gefe tana jiran wuri ya samu."

Wannan na gane. Wallahi na gane shi tun a ranar, kada wani ya ce ban gane ba.

Ta yi kwana biyu tana ɗibar ruwa a rijiyoyi, da tafkin bayan coci, har da teku. Da muka je ta uku sai muka tarar fatar famfon ta tsage, ko ɗigo bai fito ba. Sabuwar fata sai an aiko daga babban gari, ita kuma jirgin yamma za ta bi, tana da ɗalibai. Ta ba ni kwalabe shida masu murfin dunƙule. Ta ce kowane wata ɗaya, daga Nuwamba zuwa Afrilu. In buga famfo rabin awa cur ina zubarwa a ƙasa, sannan in cika kwalba har baki kada iska ta samu wuri, in ba jirgi.

"Rabin awa ina zubar da ruwa a ƙasa?"

"Rabin awa, Verner."

Na ce to. Ban tambaye ta dalili ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ina jin a wurinta abin a fili yake kamar hanci a fuska.

Duk wanda ya tashi a tsibirin nan ya san famfon hannu ba ya ba ka sai ka ba shi ya sha. Ka zuba masa ruwa ta sama, fata ta jiƙa ta kama, sannan ya ja. Namu na bakin gaɓa kuwa mashayi ne, bawul ɗinsa na ƙasa mai riƙe ruwa yana yoyo, abin da ka zuba sai ya sulale cikin bututu. Guga uku yake sha kafin ya amsa. A gindin rumfar masunta akwai ganga da ke tarar ruwan rufi, daga nan kowa yake ɗiba ya ba shi. Haka tsoho yake yi, haka masunta suke yi, ban taɓa ganin an yi wani abu daban ba.

Ranar farko ta Nuwamba na sa sabuwar fata, na ba shi guga uku, na hau bugu. Ruwan farko ya fito garau kamar hawaye. Na ci gaba. Can sai ya fara ja, wari ya taso. Na duba agogo, minti shida. Ruwa yana malala a kan tsakuwa yana gangarawa teku, ni kuma ina jin tafin tsoho a ƙeyata, don ya taɓa mari na a kan rabin kofi da na watsar. A tsibiri ba a zubar da ruwa. Ko na wanke dankali sai an kai wa shuka.

Na daure na cika kwalba da jan ruwan, na ɗaga ta ga haske. Kamar fitsarin doki. A jikin kwalbar Tove ta rubuta lambar rijiya da sunan wanda ya haƙa ta, sunan mahaifina. Na tsaya ina tunanin mutane masu farar riga a Kopenhagen suna buɗe ta suna toshe hanci.

Sai na ce a raina, ai wannan dattin ƙasan rijiya ne na tayar da yawan bugu. Na farkon nan mai haske shi ne ruwan da ya kwanta, shi ne ainihin ruwan. Na zubar da kwalbar a gindin wata bishiyar fure da ke wurin, na zauna na sha taba har famfo ya saki, na sake ba shi guga uku, na yi bugu goma, na tari mai hasken. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai cewa ruwan gangar nake karɓowa ba. Ta bututun rijiya ya fito. A wurina abin da ya shiga rijiya ya zama na rijiya.

Haka na yi wata shida. A Janairu ma sai da na fasa ƙanƙarar gangar da gatari.

Cikin Fabrairu Tove ta bugo waya. Ta ce, "Verner, rabin awar nan kana cika ta kuwa?"

Na ce, "Ina bugawa har ya fito yadda ya kamata."

Ta ce to madalla. Na san ba amsar tambayarta na ba ta ba. Wannan ba zan ɓoye ba.

A watan Mayu rahoto ya zo, shafi talatin da huɗu. Aka kira taro a zauren ƙungiya, da gahawa da kek kamar kullum. Preben ya sa tabarau ya karanta shafin farko. Ruwan rijiya ta uku sabo ne, nauyinsa ɗaya da na ruwan saman bana, tambarin bam yana jikinsa. Ke nan sama tana ciyar da ita. Aka yi tafi. Wani ya doki kafaɗata ya ce ashe tsohonka ya san abin da yake yi. Sai da na fita waje na share hanci.

Bodil ba 'yar ƙungiya ba ce, amma ta zo, don ita ta gasa kek ɗin. Ta karɓi rahoton ta buɗe daga baya, yadda take karanta jarida.

"Preben, nan ƙarshe yarinyar ta ce abin ya ba ta mamaki. Ta ce laka mai kaurin nan bai kamata ruwan sama ya ratsa ta da sauri haka ba. Tana so ta zo ta ɗiba da hannunta kafin a yi komai."

"Haba Bodil," in ji Preben. "Kin taɓa ganin mai ilimi ya ce bincike ya ƙare? Da me zai ci abinci? Hukuma shafin farko take so, ga shi."

"Kai ma shafin farko kake so, mai gidan waya. Shekara talatin kana raba wasiƙu, bayan ambulan kawai ka iya karantawa."

Aka kwashe da dariya, aka kaɗa ƙuri'a, hannu hamsin da biyu suka tashi har da nawa. Tove kuwa ba ta samu zuwa ba. Kafin bazara an tura ta wani aiki can arewa wajen ƙanƙara, shekara biyu.

Muka cire famfon hannu muka jefar a ciyawa, muka zura babban famfon lantarki, muka kafa matata. Ruwa ya fito fari tas, ya fi na da daɗi. Sharaɗin hukuma shi ne a toshe tsofaffin rijiyoyi, don kada taki ya bi ta cikinsu. Na toshe biyun ƙungiya. Sai maganar Bodil ta taso. Kamfanin da ke karɓar madararta ya daɗe yana ƙorafi a kan rijiyar tsakar gida, amma doka ta ƙyale wadda aka gada muddin ba a taɓa ta ba. Idan ka shiga sabon bututu kuwa, dole ka toshe taka.

Na same ta a garke tana wanke bokitai.

"Yaya, ki shigo mana. Ki huta da masu zuwa awo kowane wata."

"Rijiyar kaka ba ta taɓa ƙafewa ba."

"Wannan ma ba za ta ƙafe ba. An auna. Ni na ɗebi ruwan da hannuna."

"Abin da ke ba ni tsoro ke nan."

"Wallahi Yaya, takarda ce daga Kopenhagen."

"Verner, don ka ga hadari ba ka fasa tulu."

Sati uku ina zarya. Na ce mata gwiwoyinta sun gaji da gyaran tsohon inji. Na ce mata rijiyar babanmu ce, wadda aka yi masa dariya a kanta, yanzu gari duka yana sha, sai 'yarsa ce za ta ƙi? Wannan ce ta karya ta. Ta juya mini baya ta ce, "Yi abin da za ka yi, amma kada in gani." Ranar ta tafi da shanu can ƙarshen makiyaya. Ni na zuba laka da siminti a rijiyar kaka har baki, na daddale, na share wurin.

Shekara biyu lafiya lau. A bazara ta uku ma'aunin da ke ɗakin inji ya nuna ruwa yana sauka, kuma damina ta wuce bai dawo ba. Na ce ƙila ma'aunin ne, na ƙwanƙwasa shi da sifana. Sai gahawa ta fara wani ɗanɗano. Mutane suka ce kamfanin gahawa ya canja. Shanu ne ba su yi musu da kowa ba. Su zo kwami, su sunsuna, su ɗaga kai su kalli Bodil.

Ta kira ni, ta ɗebo a tafin hannu ta miƙo. "Lasa."

Na lasa. Gishiri.

"Ƙila matata ce," na ce.

"Ruwa ba ya tsami banza, Verner. Nemo yarinyar nan."

Tove ta dawo ƙasar a lokacin. Ta zo da ƙaramin injinta, ta ɗiba da hannunta, ta tafi ba ta sha ko gahawa ba. Bayan sati uku ta sake saukowa daga jirgin safe, babu akwati, sai takarda ɗaya a aljihu. Ta ce in raka ta bakin gaɓa.

Tsohon famfon yana nan kwance a ciyawa, ya yi tsatsa. Ta tsaya a kansa.

"Nuna mini yadda kake yi. Tun daga farko. Kada ka tsallake komai."

Na ce ai ba wani abu ba ne. Na je gindin rumfa, na ɗauki gugan masunta, na tsoma a ganga, na zo na nuna yadda nake zubawa ta sama.

"Tsaya. Wannan na mene ne?"

"Ba shi nake ya sha. In bai sha ba ba ya ja."

"Guga nawa?"

"Uku."

"Sannan ka buga rabin awa."

Na juya zan mayar da gugan gindin rumfa.

"Verner."

"Bugu goma. Mai hasken nake tara miki. In an daɗe ja yake yi, yana wari."

Akwai wani kwale-kwale a kife a wurin, ta zauna a kansa. Ta rufe fuska da hannu biyu. Na zaci kuka take, ashe wata irin dariya ce marar daɗi.

"Ruwan sama ka aiko mini. Wata shida ina auna rufin rumfar masunta."

"Daga rijiya ya fito."

"Kai ka zuba shi."

"Na zuba, ya shiga, ya gauraya. Ruwa ai ruwa ne."

"Bai gauraya ba, a bututu ya tsaya yana jiran ka. Mai warin nan da ka zubar, shi na zo nema."

Ta ciro takardar ta nuna mini layuka biyu na lambobi. Ta ce wannan naka, wannan nawa. Na kalla. Lambobi ne, da ɗigo a tsakani, da ƙaramin layi a gaba. Da ta juya takardar ƙasa a sama da ban lura ba. Ta ce nata ya nuna babu tambarin bam ko kaɗan, kuma ruwan ya kai shekara dubu goma sha huɗu a ƙarƙashin lakar nan, ban da gishirin da ya shigo jiya-jiya.

Na tsaya ina lissafin abin da muka yi da shi. Mun yi wanka. Mun wanke motoci. Preben ya shayar da ciyawar ƙofar gidansa da shi kowace yamma.

Na ce, "To in mun kashe inji, yaushe zai dawo?"

"Ba a rayuwarmu ba."

"Ruwan sama fa? Ga shi yana sauka kullum."

"Yana sauka a kan laka ya gangara teku. Wurin da muka kwashe, teku ce ta cike shi."

"To in ruwan yana da wayon tuna shekara dubu goma sha huɗu, me ya hana injinku ya gane na ganga ne?"

"Ya gane," in ji ta. "Ya faɗa mini ƙarara, ruwan saman bana ne. Ni ce na yarda cewa daga ƙasa ya fito. Da na tsaya kwana ɗaya aka kawo fata, da na gani da idona. Ko kuma da na gaya maka dalilin rabin awar."

Wannan ya ƙara rikita ni. Na zo a shirye a zage ni, sai ga shi tana ƙwace laifin daga hannuna.

A taron da aka kira na miƙe na faɗi komai, guga uku, bugu goma, har da amsar da na ba ta a waya. Wani tsohon masunci ya ce, "To in ba a ba famfo ya sha ba, da me zai ja?" Rabin mutane suka gyaɗa kai. Preben ya ce shi abin da aka rubuta ya karanta. Wata ta ce hukuma ce ta matsa mana. Aka yi ta jefa maganar kamar garwashi, kowa ya taɓa ya saki. Na ajiye makulli a kan tebur. Babu wanda ya ɗauka, da aka tashi matar Preben ta biyo ni da shi har waje. Bodil ba ta zo ba, kuma ranar babu kek.

Aka shirya jirgin fito ya riƙa kawo tankin ruwa sau uku a sati kafin a ga ko za a jawo bututu ta ƙarƙashin teku, abin da aka ce zai ɗauki shekara biyar ko fi. Tankin yana isar mutane, in an yi tsimi. Saniya mai ba da madara kuwa lita ɗari take sha a rana. Ka ninka sau talatin da shida.

Na rubuta wa hukuma a ba ni izini in haƙa wa Bodil sabuwa a tsakar gida. Suka ce wadda aka gada ce doka ta ƙyale, sabuwa a wannan ƙasa mai taki ba za a yarda ba. Ranar Lahadi da safe, mutane suna coci, na jawo injina ba tare da izinin kowa ba. Na kafa taku uku daga inda na daddale. Laka. Na matsa gabas, laka da dutse, har haƙorin inji ya karye. Na koma ta bayan rumbu na sami ɗan yashi, ya ba ni guga biyu ya tsaya. Kaka ya faɗa kan wata 'yar jijiyar tsakuwa ce da ƙanƙara ta yar a wurin, faɗinta bai fi tebur ba, kuma simintina ya bi ta ya cike. Aikina ba ya yoyo, kowa ya san wannan.

Bodil tana tsaye a ƙofar garke tana kallo na. Da na kashe inji ta ce, "Ka gama huda mini gida?"

"Yaya, bari in gwada ta wajen..."

"Shigo ka ci abinci."

Ta zuba mini dankali da soyayyen kifi, ta zauna tana kallon taga. Na ce mata ta zage ni mana, ko ta jefe ni da wani abu. Ta ce, "In zage ka a kan me? Ka ba famfo ya sha, kamar yadda Baba ya koya maka. Ni da na san ba a fasa tulu, ni na ce ka yi." Har yau ban san ko yafe mini ta yi da wannan maganar ba, ko kuwa ita ce zagin.

Wata biyu ta yi tana jan ruwa daga tafkin bayan coci da tarakta, har tafkin ya koma taɓo, madara ta ragu rabi, kamfani ya ce ba zai karɓi ta shanun da ke shan tafki ba.

Ran sha ɗaya ga Oktoba manyan motoci biyu na masu sayen shanu suka sauko daga jirgin safe. Ni na taya lodawa. Bodil tana tsaye a gindin matakala, kowace saniya ta zo wucewa sai ta kira sunanta ta dafa wuyanta. Tsohuwar cikinsu, wadda take kira Uwargida, ta toge ta ƙi hawa, sai da Bodil ta shiga gaba sannan ta bi ta. Da aka rufe ƙofa ta cire rigar aiki ta rataye a ƙusar garke, ta ce mini in kashe fitila in na fito.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A tsibirinmu ban ga haka ba. Makulli yana aljihuna. Preben an sake zaɓensa, don babu wanda ya tsaya. Tove ta rubuto mini cewa yanzu duk ɗalibin da ya zo wurinta sai ta ba shi labarin gangar, ba ta faɗin sunana. Bodil, wadda ita kaɗai ta karanta shafin ƙarshe, tana babban gari a ɗaki ɗaya hawa na biyu, kusa da 'yarta. Na je gaishe ta watan jiya. Har yanzu ƙarfe biyar na asuba take tashi, ta sa takalmi, ta zauna a bakin gado. Da za ta haɗa mini gahawa, daga kwalin kanti ta zubo madarar.